Yawon ƙauyukan inabi na Alzas ga wanda ba ya shan giya

Ƙanina da ke karatu a Strasbourg, a yankin Alzas na gabashin Faransa, shi ne ya biya mana kuɗin yawon, ni da shi, ba tare da ya nemi shawarata ba. Da ya nuna mini takardar a waya na ga an rubuta Route des Vins, wato hanyar giyar inabi, sai na dube shi na ce, "Auta, lafiyarka ƙalau kuwa?" Ya kwashe da dariya ya ce, "Yaya, ba sha za mu je yi ba, gari za mu je gani." To mun je mun dawo, kuma na ga ya kamata in rubuta yadda ta kaya, don ɗan'uwan da zai bi ta can yana wasi-wasi irin nawa.

Tsarin kamfanin mai sauƙi ne. Ƙaramar mota ce mai cin mutum takwas, direbar kuma ita ce jagora, wata dattijuwa 'yar yankin mai jin Faransanci da Jamusanci da Ingilishi. Kuɗin kowane mutum ya haura yuro 100, ban da abinci. Mun tashi da sassafe a ƙarshen Satumba, daidai lokacin yankan inabi. Hanyar an buɗe ta ne a 1953, tsawonta kusan kilomita 170 daga Marlenheim a arewa zuwa Thann a kudu, saboda haka kada wani ya ruɗe ka da cewa za ka gama ta a yini guda. Ɗan yanki ne za a nuna maka.

Mun fara da gidan sarautar Haut-Koenigsbourg, wanda ke kan tsauni mai tsayin sama da mita 750. Da jan dutse aka gina shi, kuma in ka hau sama kana hango filin Alzas shimfiɗe har zuwa duhun dajin Jamus a hayin kogin Rhin. A nan jagorar ta warware mini abin da ke ɗaure mini kai tun isowata, wato me ya sa sunayen garuruwan na Jamusanci ne alhali muna cikin Faransa. Jamus ta ƙwace yankin a 1871, ya koma hannun Faransa bayan yaƙin duniya na ɗaya, aka sake mamaye shi a 1940, ya sake dawowa a ƙarshen yaƙi na biyu. Shi kansa gidan kango ne na ɗaruruwan shekaru kafin Sarkin Jamus Wilhelm na biyu ya sa a sake gina shi tsakanin 1900 da 1908, don ya nuna wa duniya cewa ƙasar tasa ce. Bai daɗe yana morarsa ba. Matakalan suna da yawa kuma ƙanana ne, mai ciwon gwiwa ya yi shiri.

Amma ni abin da ya fi tsaya mini a rai gonakin ne. Ni ɗan manoma ne, idona ba ya wuce kunya. Layukan inabi a jere suke kamar an ja su da igiya, suna hawa gangaren tudu suna fuskantar hantsi, kowane itace an ɗaure shi a waya daidai ƙirjin mutum. Na tambayi jagorar me ya sa a nan gindin tsaunuka kawai ake shukawa, ba a can fili ba. Ta ce duwatsun Vosges da ke yamma su ne ke tare hadarin da ke tasowa daga teku, ruwan ya zube a can bayansu, wannan gefen ya zauna a bushe da rana. Colmar, wani babban gari a yankin, na cikin garuruwan da suka fi ƙarancin ruwan sama a Faransa, wajen milimita 600 a shekara. Na yi shiru ina lissafi: Kano ta fi su samun ruwa. Bambancin shi ne nasu yayyafi ne a warwatse cikin shekara, kuma rana ba ta ƙone shi. Mun tsaya a bakin wata gona inda ake yanka, maza da mata da ƙananan almakasai da bokitai, wasu na goye da manyan mazubai a baya suna kaiwa tarakta. Mai gonar ya miƙo mana nono guda na irin da suke kira Gewurztraminer. Fatarsa jaja-jaja ce, 'ya'yan ƙanana, zaƙi kamar zuma, ga wani ƙamshi mai kama da na fure. Ban taɓa cin inabi irinsa ba, kuma wannan tsayuwar ba ta cikin jadawali, kirkin jagorar ne kawai.

A kusa da Hunawihr na ga manya-manyan sheƙoƙi a kan rufin gidaje, galibinsu wayam. Na wani farin tsuntsu ne mai jan baki da jan ƙafa, ɗan'uwan shamuwarmu amma ya fi ta girma, kuma shi ne tambarin yankin, har a jikin kofi da tawul ana buga shi. Da jagorar ta ji daga inda na fito sai ta ce, "Ai sun tafi wajenku." Ashe idan sanyi ya gabato sukan tsallaka ta Sifaniya su sauka yankin Sahel. A shekarar 1974 ma'aurata tara kacal suka rage a Alzas, kuma farin da ya addabi ƙasashenmu a wancan lokacin yana cikin dalilan, tare da farauta da wayoyin lantarki. Sai da aka kafa wurin kiwonsu a Hunawihr a 1976 suka farfaɗo. Yanzu wasu ba sa ma yin tafiyar.

Yanzu ga inda na ga gazawa. A Riquewihr, gari mai ganuwa da wata doguwar hasumiyar ƙofa ta shekarar 1291 da ake kira Dolder, an ware fiye da awa guda don ɗanɗanon giya a wani ɗakin ƙasa. Ƙanina ya rubuta tun wajen biyan kuɗi cewa mu biyu ba ma sha, amma babu wanda ya isar da saƙon. Muka tsaya cirko-cirko, sauran na kaɗa kofuna suna shinshinawa. Daga baya matar gidan ta gane, ta ba mu haƙuri, ta kawo ruwan inabi tsantsa mai sanyi, mai daɗi ƙwarai. Mun sha muka fice zaga gari. Duk da haka mun biya kuɗin abin da ba mu amfana da shi ba, kuma kamfanin bai rage ko sisi ba.

Gargaɗi ɗaya mai muhimmanci ga mai zuwa da kaka: za ka ga ana sayar da wani abu mai gurɓi-gurɓi kamar kunun zaƙi, suna ce masa vin nouveau. Ruwan inabi ne da ya fara tsima, akwai maye a cikinsa ko da baki bai ji ba. Abin da za ka nema shi ne jus de raisin, wato ruwan inabi tsantsa, kuma ka duba kwalbar da kanka. Abinci ma sai da lura, don naman alade ya cika girkinsu. Choucroute da alade ake yi, baeckeoffe kuma a giya ake jiƙa namansa. Mu mun ci tarte flambée, wata siririyar gurasa da kirim da albasa, bayan mun ce a cire mana gutsattsarin aladen da aka saba barbaɗawa. Wurin salla babu a ƙauyukan. Mun haɗa azahar da la'asar a gefen wata gona, jagorar ta jira mu ba tare da ta nuna ƙosawa ba. Ka tafi da 'yar dardumarka da gorar ruwa.

Kaysersberg ya fi kowane gari kwanta mini. Ƙoramar Weiss ta ratsa tsakiyarsa, gidajen katako da laka masu launi sun leƙo kan ruwa, ga tsohuwar gada mai katanga ta shekarar 1514. Nan aka haifi Albert Schweitzer a 1875, likitan da ya kafa asibiti a Lambaréné ta ƙasar Gabon. Ba cunkoso kamar Riquewihr, inda kantunan tsaraba suka kusa cinye babban titin. Da son samu ne da a nan muka yi awar da aka ɓata a ɗakin ƙasa.

Eguisheim kuwa minti talatin aka ba mu. Titunansa zagaye suke kamar faifai, in ka miƙe za ka dawo inda ka fara. Mun yi zagaye ɗaya da sauri aka kira mu mota. Colmar ta taga muka gan ta, ban da shataletalen da aka kafa kwafin mutum-mutumin 'yanci na birnin New York, don tunawa da Bartholdi da ya sassaƙa na ainihin, wanda haifaffen garin ne.

Makina uku da rabi cikin biyar. Jagorar ta cancanci biyar cif, mota tsaf, lokaci daidai. Rabin da ɗayan sun tafi ne a kan saƙon da ba a isar ba da kuma gaggawar yamma. In karon farko ne kuma yini guda gare ka, ka shiga, amma ka buga musu waya ka ji da kunnenka cewa sun san ba ka sha, ka kuma tambaya ko za a rage kuɗin ɗanɗanon. In kana da kwana biyu, ba ka buƙatarsu sosai. Washegari mu da kanmu muka hau jirgin ƙasa daga Strasbourg, cikin kusan rabin awa muna Colmar, muka yini a unguwar magudanan ruwa da suke kira ƙaramar Venis, a kan kuɗin da bai kai rubu'in na jiya ba.