Lasisin talabijin da jaridun Birtaniya: abin da na samu da kuɗina

A Birtaniya ba a kallon talabijin kyauta, ko da tashar da mutum ya kunna ba ta BBC ba ce. Duk gidan da ke kallon shiri kai tsaye, ko yake amfani da manhajar BBC iPlayer, sai ya yanki lasisi. A 2025 kuɗin ya kai fam 174.50 a shekara, wanda kuma aka kama yana kallo babu shi ana iya cin sa tarar da ta kai fam 1,000. Ni a Leeds nake zaune da iyalina, wata-wata ake cire kuɗin daga asusuna, kuma ban taɓa jin ya tafi a banza ba.

Abin da ya fara burge ni shi ne tashoshin BBC na cikin gida ba sa saka tallan 'yan kasuwa. Shiri zai fara ya ƙare babu mai katse maka shi da tallan sabulu ko na caca. Mai yara ƙanana ya fi kowa sanin darajar wannan. Ina barin nawa gaban CBeebies, tashar yara ta BBC, hankalina kwance, domin na san ba za su taso suna kukan a saya musu abin da suka gani ba. Akwai kuma wani abin da ke daɗa min daɗin biyan: tun 2014 wani kaso na kuɗin lasisin ne ke ɗaukar nauyin sashen BBC mai watsa shirye-shirye zuwa ƙasashen waje, wanda Sashen Hausa da aka buɗe a 1957 yake cikinsa. Labaran da mahaifina ke saurare da safe a gida, ashe yanzu da ɗan kwabona a ciki.

Labaran ƙarfe shida da na ƙarfe goma na BBC One tsaf suke, babu hayaniya. Amma wanda na fi jira shi ne na Channel 4 da ƙarfe bakwai na yamma, kusan awa guda. Tashar mallakar gwamnati ce tun kafa ta a 1982, sai dai da talla take riƙe kanta. Masu gabatarwarta ba sa sakin minista idan ya kauce wa tambaya, za su maimaita masa ita har sai mai kallo ya gane cewa amsar ce babu. Ranar Laraba da tsakar rana kuma ana nuna Firaminista yana amsa tambayoyi a majalisa. Wanda yake son fahimtar siyasar ƙasar nan, daga nan ya kamata ya fara.

ITV, wadda ta fara aiki a 1955, da na ɗauke ta tashar nishaɗi kawai. A Janairun 2024 ta nuna wani wasan kwaikwayo kan masu kula da ƙananan gidajen waya da aka gurfanar bisa zargin sata, alhali manhajar lissafi mai suna Horizon ce ke nuna giɓin kuɗin da babu shi. Ɗaruruwan mutane aka yanke wa hukunci, wasu suka yi zaman gidan yari, wasu suka rasa gidajensu. An daɗe ana rubuta labarin, amma sai da aka ga fuskoki da hawaye a talabijin ƙasar ta girgiza. Kafin tsakiyar shekarar majalisa ta yi dokar da ta soke hukuncin. Na kalli wasan raina a ɓace, kuma tun daga nan nake ganin girman tashar.

Mai son ƙwallo fa ya shirya. Lasisin bai haɗa da kallon gasar Firimiya kai tsaye ba, wannan sai an biya Sky Sports ko TNT Sports daban. BBC taƙaitattun wasanni take nunawa daren Asabar. Wasannin ƙarfe uku na ranar Asabar kuwa ba a nuna su kai tsaye a ƙasar sam, wai don mutane su riƙa zuwa filayen ƙananan ƙungiyoyi. Sai ka ga matashi a gidan kallo a Kano yana kallon wasan da mazaunin Landan ba shi da halin gani. Labarin Afirka ma ba ya yawan shiga labaran dare sai an yi yaƙi ko ambaliya, wannan yana damuna ƙwarai.

Jaridu wata duniya ce daban. Hukumar Ofcom, mai sa ido kan gidajen rediyo da talabijin, tana tilasta wa tashoshi yin adalci tsakanin ɓangarori a labaransu, amma jarida tana da 'yancin fitowa fili ta ce ga jam'iyyar da za a zaɓa. Daily Mirror ta Labour ce tun da daɗewa, Daily Telegraph da Daily Mail suna karkata ga Conservative. The Times da The Sun duk na kamfanin iyalan Rupert Murdoch ne. Idan ka tsaya a shago ka duba shafukan farko, abu ɗaya ne ya faru jiya, amma kai ka ce ƙasashe biyu ake magana a kansu, musamman kan batun baƙin haure. Mu baƙi, irin waɗannan kanun labarai a jikinmu muke jin su.

The Guardian nake karantawa kullum a waya. An kafa ta a Manchester a 1821, wata gidauniya ce mai suna Scott Trust ta mallake ta, shafinta na intanet a buɗe yake ga kowa, tallafi kawai suke roƙo. Bincikensu mai zurfi ne, amma ita ma tana da ɓangarenta na masu sassaucin ra'ayi, shi ya sa nake haɗa ta da The Times a ƙarshen mako, duk da cewa wannan sai da kuɗi. Financial Times mai takarda ruwan hoda tana da tsada, amma idan batun mai ne ko bashin ƙasashe, har da Najeriya, ban ga kamarta ba. Metro kyauta ake ɗauka a bas da tashar jirgin ƙasa, ta isa ta raka ka wurin aiki, iyakarta ke nan.

Masu karatu a nan ba sa mantuwa. A Liverpool har yau shaguna da yawa ba sa sayar da The Sun, saboda ƙaryar da ta buga kan magoya bayan ƙungiyar ƙwallon Liverpool bayan turmutsutsun filin Hillsborough a 1989, wanda ya yi sanadin mutuwar mutum 97. Jaridar News of the World kuwa rufe ta aka yi a 2011 bayan an gano ana kutse a wayoyin mutane.

Ga ɗalibai masu shirin zuwa: idan kun kama gida tare da yarjejeniyar haya guda, lasisi ɗaya ya ishe ku, amma mai ɗaki a masaukin jami'a nasa daban zai yanka. Wanda ba ya kallon komai kai tsaye kuma ba ya taɓa iPlayer, babu biya a kansa, sai ya shiga shafin hukumar lasisin ya sanar da su.