Kai Yara Orlando a Lokacin Guguwa: Abin da Ya Kamata a Auna Kafin a Biya Kuɗi

Dogon hutun makarantu a Kaduna yana kamawa ne daga ƙarshen Yuli zuwa cikin Satumba, kuma a wannan tsakanin ne iyalan da Allah Ya hore wa, ko masu ɗa ko ƙane da ke karatu a Amurka, suke ɗaura niyyar kai yara Orlando ta jihar Florida, inda manyan wuraren wasa na Disney World da Universal suke. Sai dai hutun namu ya faɗo daidai kan lokacin da tekun Atlantika ke tayar da guguwa. A hukumance lokacin yana farawa 1 ga Yuni ya ƙare 30 ga Nuwamba, amma zafinsa daga tsakiyar Agusta ne zuwa tsakiyar Oktoba, ƙololuwarsa kuma wajen 10 ga Satumba. Da yawa daga cikin manyan guguwoyin ma daga yankinmu suke farowa. Hadarin da ke ratsa Sahel daga gabas zuwa yamma a damina, idan ya faɗa teku ta gaɓar Senegal da tsibiran Cape Verde ya tarar da ruwa mai ɗumi, shi ne wani lokaci yake rikiɗewa ya zama abin da ake ba suna a labarai.

Ba na son in tsorata kowa fiye da kima. Orlando ba a bakin teku take ba, tafiyar kusan awa guda ce a mota zuwa gaɓar Atlantika, kuma guguwa tana rage ƙarfi da zarar ta hau tudu. Tun da aka buɗe Disney World a 1971, lokutan da guguwa ta sa aka rufe ta ba su da yawa, kuma a 'yan shekarun nan rufewar ba ta wuce kwana ɗaya ko biyu. Guguwar Irma ta rufe ta ranakun 10 da 11 ga Satumban 2017. Ian ta rufe ta 28 da 29 ga Satumban 2022. Milton ta sa aka tashi da rana tsaka ranar 9 ga Oktoban 2024, aka kuma yini a rufe ranar 10. Shekarar da ta fi muni ita ce 2004, lokacin da Charley da Frances da Jeanne suka bi ta yankin ɗaya bayan ɗaya cikin mako shida, ta farkon ranar 13 ga Agusta, wato tsakiyar hutunmu. Abin da aka fi gani shi ne irin na Idalia a 2023 da Helene a 2024: manyan wuraren wasan suna buɗe, amma an rufe na ninkaya, ruwa yana zuba, an tsayar da lilon da ke waje, ana iya soke wasan wuta na dare. Ko babu guguwa ma, a Agusta kusan kullum sai hadari ya haɗu da la'asar a Orlando, kuma da an ga walƙiya a kusa ake tsayar da duk abin hawa da ba ya cikin rufi.

To ina asarar take, idan rufewar kwana biyu ce kawai? Tana cikin yadda tafiyar mutumin Kaduna take a ɗaure. Ba'amurken da ya taso daga Atlanta a motarsa zai iya juyawa gida ya dawo wata mai zuwa. Kai kuwa ka hau jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu, ka kwana Abuja, ka tashi ka yada zango a Istanbul ko Doha ko Landan, ko ka gangara Legas ka bi jirgin Atlanta, domin babu jirgin da ke zuwa Orlando kai tsaye daga Najeriya. Filin jirgin saman Orlando ya dakatar da zirga-zirga a lokacin Irma da Ian da Milton, kuma idan aka buɗe, sai an ɗauki kwanaki ana neman wa mutane kujeru. Samun kujera ɗaya da sauƙi. Samun shida ko bakwai a jirgi ɗaya, da uwargida da goyo, shi ne aikin. Kowane dare na jira kuma dala ce ake ƙirgawa a otal, ga makaranta ta kusa komawa.

Saboda haka zaɓi na farko, kuma wanda ya fi kowanne rage haɗari, shi ne ranar tafiya. Wanda ya tashi a makon da aka ba da hutu, ƙarshen Yuli zuwa makon farko na Agusta, ya dawo kafin abin ya yi tsanani. Wanda ya jinkirta zuwa ƙarshen Agusta zai samu tikiti da otal da ɗan rangwame da ƙarancin layi, saboda yaran Florida sun koma makaranta, amma dalilin arahar ke nan, kuma shi ne lokacin da ya fi kasada. Hutun Disamba ya fita daga lokacin guguwa, iska tana da daɗi, sai dai daga Kirsimeti zuwa sabuwar shekara nan ne farashi da cunkoso suka fi kowane lokaci. Hutun Afrilu ma lafiya lau yake ta fuskar guguwa. Idan da ni za a shawarta, kuma yaran ba su da jarrabawa a gabansu, Afrilu ko makon farko na hutun Disamba zan zaɓa.

Amma na san yawancin iyalai ba su da wani lokaci sai Agusta. A nan ne hanyar sayen take zama komai, kuma a nan nake so a tsaya a karanta da kyau.

Hanya ta farko ita ce a sayi masauki da tikitin shiga a dunƙule daga Disney ko Universal kai tsaye. Ta fi tsada a ido, amma tana zuwa da alkawari a rubuce. Ƙa'idar Disney ita ce, idan cibiyar sa ido kan guguwa ta Amurka da ke Miami, wato NHC, ta fitar da gargaɗin mahaukaciyar guguwa ga yankin Orlando cikin kwana bakwai kafin ranar isowarka, kana iya soke tafiyar ko ka ɗage ta ba tare da Disney ta ci ka tara ba. A lura da kalmar. Ana ba guguwa suna ne idan iskarta ta kai gudun kilomita 63 a awa, amma ba ta zama mahaukaciyar guguwa ba sai ta kai kilomita 119. Sannan sanarwar cibiyar iri biyu ce: akwai ta a zauna cikin shiri, wadda ake fitarwa awa 48 kafin lokacin da ake jin iskar za ta iya farawa, akwai kuma gargaɗi sosai na awa 36, wanda za ka gani an rubuta Hurricane Warning. Wannan na biyun ne ke buɗe ƙofar mayar da kuɗi a Disney. Ganin guguwa mai suna a talabijin tana tahowa bai isa ba. Universal tana da nata tsarin makamancin wannan, shi ma na kwana bakwai. Duka biyun abin da ka saya a hannunsu suke magana a kai, ba kuɗin jirgin da ka yanka a Abuja ba. Wani amfanin dunƙulen Disney shi ne kafin alƙalami dala 200 ne, ba a cika sauran kuɗin sai saura kwana 30, kuma wanda ya fasa kafin nan ana mayar masa da kuɗinsa.

Hanya ta biyu ita ce ta hannun ejan, kuma ita ce yawancinmu muke bi, saboda katin banki na naira ba kullum yake ɗaukar irin wannan biyan ba, kuma mutum ya fi natsuwa da wanda zai iya zuwa ofishinsa ya same shi. Babu laifi a cikinta, akwai ejan masu amana. Tambayar da za ka yi masa ɗaya ce: a ina ya yi ajiyar? Idan a wurin Disney ya yi ta da sunanka, zai ba ka lambar da za ka shigar a manhajar My Disney Experience ka ga ɗakinka da tikitinka. Idan kuwa ta hannun wani dillali ya saya a sari, to ƙa'idar dillalin ce ke kanka, kuma sau da yawa arahar da aka yi maka farashinta shi ne ba a mayar da kuɗi. Ka ce masa, Alhaji, rubuta min a takarda abin da zai faru idan aka rufe filin jirgi, da kuma a wane kuɗi za a mayar min, dala ko naira, a kan wane canji. Wanda ya san aikinsa ba zai ji haushin wannan tambaya ba.

Hanya ta uku ita ce haɗa kayanka da kanka: tikitin shiga daban, gidan haya daban, mota daban. Tikitin shiga ba a mayar da kuɗinsa, sai dai a sauya rana. Na yini ɗaya ya haura dala 100, yaro mai shekara 10 kuɗin babba yake biya, wanda bai kai uku ba kyauta yake shiga. Na kwanaki da yawa yana zuwa da sarari, misali na kwana huɗu ana amfani da shi cikin kwana bakwai, don haka kada a cushe ranakun a jere, a bar fili da za a iya matsawa. Bayan Ian, Disney ta tsawaita wa'adin tikitin da aka fara amfani da su da kusan shekara guda. Abin kirki ne ga mai zama a Amurka, amma ga wanda zai koma Malali ko Barnawa ba ya mayar da komai.

Maganar masauki tana da wuyar yankewa, domin gidan haya a Kissimmee ko Davenport, garuruwan da ke kusa da Orlando, ya dace da mu ƙwarai. Ɗakuna huɗu ko biyar, kicin da uwargida za ta girka abin da yara suka saba, a sayo naman halal, a yi salla cikin natsuwa, kuma kuɗinsa bai kai na ɗakunan otal uku ba. A ranar guguwa kuwa lissafin yana juyewa. Milton ta bar gidaje da shaguna sama da miliyan uku babu wuta a Florida, Ian kuma ta jawo ambaliya a unguwannin Orlando da Kissimmee. Baƙo a gidan haya, ba wuta, ba sanyaya ɗaki a zafin Agusta, bai san hanya ba, bai san maƙwabci ba, yana cikin wahala. A otal ɗin da ke cikin harabar Disney ko Universal ma'aikata suna kwana tare da baƙi, ana sayar da abinci, ana nishaɗantar da yara har iska ta lafa. Sannan Airbnb, manhajar kama gidan haya, ba ta ɗaukar guguwar Florida a lokacinta a matsayin abin ba-zata da za a mayar da kuɗi a kansa, sai in ta kai ga hukuma ta hana zirga-zirga ko wuta ta ɗauke a faɗin yanki. Mai ƙananan yara ko dattijuwa a tafiyarsa, ni dai otal zan ce masa a Agusta da Satumba, ko da za a rage kwanaki don kuɗin ya isa.

Tikitin jirgi kuma a saye shi a dunƙule tun daga Abuja ko Legas har Orlando. Idan aka raba shi biyu don neman sauƙi, aka soke na cikin Amurka, kamfanin da zai dawo da kai gida ba ruwansa. Dokar sufurin Amurka ta ba fasinja damar karɓar kuɗinsa idan kamfani ya soke tashi kuma bai yarda da wani jirgin ba, amma ba ta tilasta wa kamfani biyan otal da abinci idan yanayi ne sanadi. Wannan gurbin inshora ke cikewa, kuma ba a fafe gora ranar tafiya: da zarar an raɗa wa guguwa suna, inshorar da aka saya bayan nan ba ta ɗaukar asararta. A saya a makon da aka biya kuɗin farko. A kuma duba takardar, domin inshorar tafiya da aka saba yanka wa masu neman bizar Turai galibi ta jinya ce. Abin nema shi ne a ga an ambaci soke tafiya, katsewarta, da jinkirin jirgi saboda yanayi.

Biza ita ma ta shiga lissafin ɗagewa. A Yulin 2025 Amurka ta mayar da yawancin bizar ziyara ta 'yan Najeriya ta shiga sau ɗaya cikin wata uku, kuma dokokin suna ta sauyawa. Damar ɗage hutu zuwa Disamba ba ta da amfani ga wanda bizarsa za ta mutu a Oktoba. Kada a biya abin da ba a mayarwa sai fasfo yana hannu.

Ga wanda burinsa yara su ga Mickey ne kawai, ba dole sai Florida ba. Disneyland ta Paris, wadda aka buɗe a 1992, ba ta da wannan matsala, kuma tafiyar ta fi gajarta nesa ba kusa ba. Ta California ma da wuya guguwa ta kai mata, ko da yake Hilary ta sa an tashi da wuri a Agustan 2023. Tokyo da Hong Kong da Shanghai kuwa guguwarsu tana zuwa ne a watannin nan dai, don haka babu abin da aka guje wa. Dubai da Abu Dhabi sun fi sauƙin abinci da masallaci, kuma IMG Worlds of Adventure da Warner Bros. World a cikin rufi suke da sanyi, abin da ya zama dole a ƙasar da zafin Agusta ke wuce digiri 40.

Idan an riga an biya, sai ga guguwa an ba ta suna saura mako guda, kada a yanke hukunci da bidiyon da ake turawa a WhatsApp. A buɗe shafin NHC, wanda ke sabunta hasashe duk bayan awa shida. Zanen da ke buɗewa gaba yana nuna inda tsakiyar guguwar za ta iya bi cikin kwana biyar, ba iyakar inda ruwa da iska za su kai ba, kuma na kwana huɗu da biyar yana iya kaucewa da kilomita ɗaruruwa. Kamfanonin jirage sukan ba da damar sauya rana kyauta kwana biyu ko uku kafin guguwa ta iso, kuma wanda ya fara kira shi ke samun kujeru. Kada ka soke da kanka kafin su fitar da wannan sanarwar ko kafin gargaɗin ya fita, domin a lokacin kai ne ka fasa, kuma tara tana kanka.