setx ko winreg wajen gyara PATH na kwamfuta gaba ɗaya

Ɗan'uwa, game da tambayarka kan yadda ake sauya ƙimar muhalli ta Windows ta zauna dindindin: tsakanin kiran setx (umarnin Windows na saita irin waɗannan ƙimomi) daga cikin Python da rubuta ƙimar kai tsaye a rajistar Windows (ma'ajiyar saitunansa) ta hanyar winreg (sashen Python mai karantawa da rubutawa a rajistar), ka ɗauki winreg, musamman idan PATH za ka taɓa, wato jerin wuraren da Windows ke dubawa idan yana neman umarnin da aka kira. Shi kuwa os.environ, hanyar Python ta saita ƙimomin muhalli a cikin manhaja, ba ya cikin lissafin, domin abin da aka sa masa yana shafar manhajar da ke gudana ne kawai da waɗanda ta kira, kuma tana rufewa ya tafi.

Ƙimomin muhalli na kwamfuta gaba ɗaya, irin su PATH da TEMP, suna zaune ne a HKEY_LOCAL_MACHINE\SYSTEM\CurrentControlSet\Control\Session Manager\Environment, na mai amfani guda kuma a HKEY_CURRENT_USER\Environment. Dukkan hanyoyin biyu can suke rubutawa, kuma dukkansu sai da izinin mai gudanarwa kafin su taɓa na kwamfuta gaba ɗaya. Inda suka rabu shi ne abin da suke yi wa ƙimar kafin ta isa.

Da winreg na shirya kwamfutocin wani ɗakin koyarwa da aka damƙa mini, kuma har yau ban sami dalilin sauya hanyar ba. Sikirif ɗin yana karanta PATH da QueryValueEx, wanda ke dawo da rubutun yadda yake tare da nau'insa, ya ajiye tsohuwar ƙimar a wani fayil, ya raba ta a wurin alamar ";" da ke tsakanin adireshoshin. Ya duba ko babban fayil (folda) na manhajar da ake so yana ciki, sannan ya ƙara shi idan babu. Ko sau nawa aka kunna shi, sakamakon ɗaya ne. Da aka daina amfani da manhajar bayan wani lokaci, wanda ya gaje ni a aikin ya cire ta daga PATH da sikirif ɗin nan ba tare da ya neme ni ba, kuma wannan ya fi komai yi mini daɗi.

Batun nau'in nan shi ne zuciyar maganar. PATH na asali nau'in REG_EXPAND_SZ ne, wato yana ɗauke da sunaye irin su %SystemRoot% waɗanda Windows ke fassarawa a lokacin da ake buƙatarsu. Idan aka mayar da irin wannan rubutu a matsayin REG_SZ, fassarar ta tsaya, sai ka ga tagar umarni ta kasa gano umarnin da ke cikin System32 alhali fayilolin suna nan daram. Saboda haka nau'in da QueryValueEx ya ba ka, shi za ka miƙa wa SetValueEx.

Aikin da winreg ya bar maka shi ne sanarwa. Rubutu a rajista kaɗai ba ya sa Explorer, manhajar Windows da ake buɗe sauran manhajoji daga cikinta, ya sabunta abin da yake riƙe da shi, don haka sai ka aika saƙon WM_SETTINGCHANGE zuwa HWND_BROADCAST (wato ga dukkan manyan tagogi) ɗauke da kalmar Environment, ta hanyar ctypes (sashen Python mai kiran ayyukan Windows kai tsaye) da SendMessageTimeoutW, kana mai sa SMTO_ABORTIFHUNG don kada wata taga da ta daskare ta riƙe sikirif ɗinka. Ko bayan haka, tagogin da suke buɗe tun kafin canjin suna nan da tsohuwar ƙima sai an rufe su an sake buɗewa, sabis-sabis na tsarin kuma galibi sai an sake kunna kwamfutar.

Shi setx, a ba shi haƙƙinsa, yana yin sanarwar da kansa, kuma ya wadatar idan gajeriyar ƙima guda kamar JAVA_HOME za ka sa da /M (zaɓin da ke sa ya rubuta a na kwamfuta gaba ɗaya). Amma yana datse duk abin da ya haura haruffa 1024, ya yi gargaɗi kuma ya adana guntun a hakan, ba ya iya goge suna, sannan salon da ya yaɗu na ba shi %PATH% yana cuɗa na mai amfani da na tsarin wuri guda, ya kuma mayar da %SystemRoot% tsayayyen adireshi.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu tallar manhajojin da wai suke gyara PATH ko share rajista da dannawa ɗaya. Aikin da suke karɓar kuɗi a kansa bai wuce layuka kaɗan na Python ba, kuma winreg yana zuwa ne tare da Python a kan Windows, kyauta. Abin da ya fi kuɗin muni shi ne izinin mai gudanarwa da suke nema: wanda ya samu damar saka babban fayil nasa a farkon PATH zai iya sa fayil ɗinsa ya amsa a madadin umarnin da ka saba kira a tagar umarni. Haka kuma duk sikirif ɗin da aka turo maka, ka karanta shi layi-layi kafin ka ba shi wannan izinin, kuma kada ka ajiye kalmar sirri a ƙimomin tsarin, domin kowane mai shiga kwamfutar yana iya karanta su.