Sharhi kan ledar kilishin da ɗaliban zane suka tsara mana a Agege

Tun da gwamnatin Legas ta haramta farar robar nan ta zuba abinci a watan Janairun 2024, masu dambun nama a ƙungiyarmu ta masu sana'ar nama suka shiga neman mafita. Mu masu kilishi kuwa takardar siminti muka gada, mai na tsattsafowa ta jikinta, manyan kantunan Ikeja kuma ko kallonta ba sa yi. Shi ya sa da shugabannin ƙungiyarmu suka ƙulla yarjejeniya da sashen zane na wata makaranta mai zaman kanta, ɗalibai su tsara mana leda da tambari a matsayin aikin kammala karatunsu, na ba da sunana a sahun farko. Yanzu ledar ta ga damina ta ga rani a hannuna, don haka ina da abin faɗa.

Abin da ya fi burge ni shi ne yaran nan ba su zauna a aji suna yi mana hasashe ba. Rumfa suka zo, suka ga yadda ake fere nama, a shanya, a tsoma shi a labu, wato kwaɓin gyaɗa da kayan yaji, a kai shi wuta. Wata yarinya 'yar Zariya a cikinsu ta ɗaga falle ɗaya, ta lanƙwasa shi har ya karye, ta ce, "Baba, wannan bakin nasa ai zai huda leda mara kauri." Haka kuwa yake. Daga nan suka watsar da zaɓinsu na farko, suka koma leda mai kauri da zif a baki, da 'yar taga a gaba don mai saye ya ga jan naman da idonsa. Wanda ya san laimar Legas ya san yadda kilishi ke saurin yin fumfuna. A wannan ledar, muddin ya huce sosai kafin a liƙe, yana daɗewa da ƙamshinsa da ƙarfinsa.

Rubutun ma sun kyauta. Hausa da Turanci, da gurbin kayan haɗi, ranar yi, ranar lalacewa, adireshi da lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna. Sun rubuta gyaɗa da manyan baƙaƙe saboda masu rashin jituwa da ita, abin da ya sa wani mai kanti ya karɓi kayana ba gardama.

Sai dai akwai inda takalmin ke matsa mini. Launukan da suka zaɓa sun yi yawa. Da muka kai Shomolu, matattarar masu ɗab'i, aka ce kowane launi da kuɗinsa, kuma buga zane kai tsaye a jikin leda sai an yi oda mai yawan gaske. Ƙaramin mai sana'a ina ya ga wannan jari? Dole muka koma sitika, ita kuwa in mai ya taɓa gefenta sai ta fara ɗagowa. Da malaminsu ya tura su Shomolu sun ji farashi kafin su fara zane, da ba a yi haka ba.

Babban abin da ya ɓata mini rai shi ne ƙarewar zango. Aka ba su maki, suka watse, ainihin fayil ɗin zanen, na manhajar CorelDRAW, ya tafi a kwamfutarsu, mu aka bar mu da hoto a WhatsApp. Da na so sauya lambar waya, sai da mai ɗab'i ya sake zana komai, ɗ da ƙ duk suka rasa lanƙwasarsu.

Duk da haka zan ba kowace ƙungiya a unguwannin Mile 12 ko Idi-Araba shawarar ta shiga irin wannan, amma a rubuta tun farko cewa fayil na ƙungiya ne, kuma a san malamin da za a nema bayan yara sun tafi. Ina kuma fatan shugabanninmu su tuntuɓi Yabatech, kwalejin fasaha ta Yaba, wadda ke nan tun 1947 kuma tana da makarantar zane da ɗab'i. Ɗaliban kwalejin fasaha na fita koyon aiki na wata huɗu a ƙarƙashin shirin SIWES na ITF, hukumar horas da ma'aikatan masana'antu. In aka samu a haɗa ɗaya ko biyu da wata maɗaba'a a Shomolu su riƙa kula da aikin ƙungiyarmu, matsalar sitika da ta fayil duk za su zo da sauƙi.