Wane Magani Ya Fi Dacewa da Kayan Lambu a Ɗakin Sanyi?

Sanyi kaɗai ba ya hana kayan lambu tsufa, domin da yawansu suna fitar da wata iska mai suna etilin wadda ke hanzarta nuna. Idan ta taru a rufaffen ɗaki, sai kokwamba ta yi rawaya, karas ya yi ɗaci, latas kuma ya fito da ɗigo-ɗigo masu launin tsatsa.

A ganina babu maganin da ya kama ƙafar 1-MCP, wanda aka fi sani da sunan SmartFresh. Edward Sisler da Sylvia Blankenship ne suka gano amfaninsa a wata jami'a ta jihar Karolina ta Arewa a Amurka, aka yi masa rajistar mallaka a 1996. Aikinsa shi ne toshe wuraren da etilin ke kamawa a jikin kayan, ta yadda ko iskar ta cika ɗaki ba za ta yi tasiri sosai ba. Hoda ce da ke sakin iska idan ta haɗu da ruwa, kuma abin da ake buƙata bai wuce kashi 1 cikin miliyan na iskar ɗakin ba, muddin an rufe ƙofa ruf na sa'o'i 12 zuwa 24. Sai dai a bari tumatir ya fara ja tukuna, domin wanda yake kore shar yana iya ƙin nuna yadda ya kamata. Maganin kuma ba ya gyara ɓarnar sanyi mai yawa: kada koren tumatir ya sauka ƙasa da digiri 12, tattasai kuwa digiri 7.

Akwai wasu sinadaran kuma: asid salisilik da metil jasmonet suna rage illar sanyi a gwaje-gwaje, amma har yanzu sun fi ƙarfi a ɗakin bincike. Jibaralin yana jinkirta rawayar ganye. Maleik haidrazaid na hana albasa tsiro ne, kuma a gona ake fesa shi kafin girbi.

Babban abin tsoro shi ne jabu. Wani mai shagon magungunan gona ya taɓa sayar mini da ruwan magani a kwalba marar takarda, ya rantse cewa yana tsare tumatir, ashe etefon ne, wanda shi kansa etilin yake saki. Da na buɗe ɗaki, kwandunan ƙasa sun yi laushi har ruwa yana ɗiga ta tsakanin saƙar. Saboda haka kada a karɓi duk abin da aka ɗura a wata kwalba, ko hodar da aka ƙulla a leda. A duba sunan sinadarin a jikin mazubi, da lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Nijeriya, da ranar ƙarewar aiki. Fakitin 1-MCP da ya huje ko ya ji danshi ya riga ya saki iskarsa, ko da an rage kuɗinsa asara ce. Wanda kuma ya kawo kabaid, sinadarin da ake tilasta wa 'ya'yan itace nuna da shi, da sunan maganin ajiya a guje shi, domin NAFDAC ta sha gargaɗi a kan haɗarinsa ga lafiyar masu ci.