Kambun ƙofa na lokacin biki: na roba, na ɗanyen ganye, ko na kaba da ƙyalle?

Da zarar Disamba ta kama, shagunan kayan ado a Sabon Garin Kano da Jos da babbar kasuwar Kaduna sai su fara rataye kambun ƙofa, zoben nan na koren ganye mai jan ƙyalle a ƙasa da ake maƙalawa a ƙofar gida lokacin Kirsimeti. Za ka ga mai saye ya ɗauka ya juya, ya tambayi kuɗi, ya ajiye, ya sake ɗauka. Kafin a kai ga ciniki akwai abu biyu da ya kamata mutum ya yanke tun daga gida: ina za a rataye shi, kuma kwana nawa ake so ya yi a wurin.

Dalili shi ne al'adar ta ƙasashen sanyi ce. A Turai da rassan itatuwan da ba sa zubar da ganye ko ƙanƙara na sauka ake haɗa shi. Wanda ake ɗora wa kyandir a kan tebur kuwa ana danganta shi da wani malamin coci a Hamburg ta Jamus, Johann Hinrich Wichern, wanda a 1839 ya jera kyandirori a kan ƙafar keken doki domin yaran da yake reno su riƙa ƙirga kwanakin da suka rage kafin Kirsimeti: manya farare huɗu na ranakun Lahadi, ƙanana jajaye na sauran ranaku. A can sanyi da laima ne ke riƙe ganye ya yi makonni yana kore shar. Mu kuwa 25 ga Disamba a tsakiyar hunturu take samunmu, iska ta bushe ƙarau, ƙura ta ko'ina. Leɓen mutum ma tsagewa yake yi, balle ganyen da aka raba da uwarsa.

Na roba shi ne ya fi cika kasuwa. Kusan duk daga ƙasar Sin ake shigo da shi, kuma birnin Yiwu da ke lardin Zhejiang shi ne cibiyar irin waɗannan kaya a duniya. Amfaninsa a fili yake: ba ya yaushi, ana wanke shi da ruwa da ɗan sabulu, kuma mai kyau yakan yi shekaru. Matsalarsa kuɗinsa dala yake bi, sannan na arhar cikinsa ba ya jure rana. Idan ƙofarka tana kallon gabas ko yamma, kafin sabuwar shekara koren ya koɗe ya koma wani launi mara suna.

In dai na robar za ka saya, kada ka tsaya kallon fuskarsa, juya bayansa. Mai kyau za ka ga zoben ƙarfe biyu ne aka haɗa, an murɗe kowane reshe a jiki. Mara kyau siririyar roba ce aka liƙa wa ganye da gam. Girgiza shi sau biyu a gaban mai shago. Idan ganye da ƙyalƙyali suka zubo maka a takalmi, ajiye masa abinsa. Ɗaga shi ka kalli haske ta cikinsa, in kana hango titi to ganyen bai cika ba. Wanda aka fesa wa farin gari wai ƙanƙara ce, ni dai ba na ba kowa shawarar sayensa a Arewa, domin cikin 'yan kwanaki ƙurar hunturu za ta mayar da ƙanƙarar ja, kuma ba ta wankuwa. Gara ka sayi koren zalla wanda ba a yi wa ado ba. Ya fi arha, kuma kai za ka riƙa canja masa ado duk shekara.

Na ɗanyen ganye ya fi kowanne kyau da ƙamshi, ya kuma fi kowanne gajeren kwana. Mutanen Jos da kewaye sun fi kowa sa'a a nan, saboda sanyin tsaunin da kuma itatuwan fain masu ganye kamar allura da furannin da ake nomawa a can. A Kano ko Sakkwato ko Maraɗi sai an zaɓi ganye da hankali. Darbejiya tana ko'ina kuma kyauta ce, amma wuni guda ta langaɓe. Ganyen bishiyar turare ya fi ta nesa ba kusa ba, domin ko ya bushe yana riƙe da siffarsa da ƙamshinsa, launinsa ne kawai ke komawa toka-toka. A yanko da sassafe, a tsoma gindin rassan a bokitin ruwa su kwana, a ɗaura ƙananan dami a jikin zobe kowane yana rufe gindin na gabansa. Kada a haɗa shi sai ana jibi biki, kuma a inuwa za a rataye shi.

Yanzu ga inda nake ganin kuɗin mutum ya fi yi masa aiki, wato zoben kaba da busassun kayan gona. Masu saƙa faifai da tabarma da igiya, ko a Kasuwar Kurmi ta Kano ko a kasuwar ƙauye ta mako-mako, za su naɗa maka zobe na kaba idan ka kwatanta musu. Ka ce musu kamar gammon ɗaukar tulu kake so, amma babba, mai faɗin da ya kai daga gwiwar hannu zuwa yatsu, kaurinsa kuma kamar damtsen yaro. Ka roƙa a matse naɗin sosai, domin sako-sako yakan lotse ya zama kamar ƙwai bayan ya kwana biyu a rataye. Abin da ya sa na fifita kaba shi ne tana karɓar tsinke da allura da waya. Duk abin da kake so sai ka soka ko ka ɗinke, in biki ya wuce ka zare, zoben yana nan lafiya lau. Zafin rana bai dame ta ba, ƙura kuma kusan launinsu ɗaya.

Kuma lokacin ya zo daidai da bayan kaka, kayan ado suna zube a gona da bakin rumbu. Zangarniyar jar dawa guda shida ko bakwai, a jera su suna kallon gefe ɗaya, ta wadatar da rabin zobe. Ɓawon masara idan aka jiƙa shi a ruwa na minti goma yakan yi laushi, a lanƙwasa shi gida biyu a ɗaure gindinsa, ya fito kamar fure. A jera su a matse har su rufe kabar gaba ɗaya. Busasshen zoɓo yana ba da ja mai duhu, sai dai ko ɗigon ruwa ya taɓa shi zai zubar da launi a jikin farar ƙofa. Lemon zaƙi kuwa a yanka shi fale-fale, kauri kamar rabin santimita, a matse ruwan da tsumma, a shanya a kan faifai a rufa da yadin gidan sauro saboda ƙura da ƙuda, a riƙa juyawa kullum. Nan hunturu ke yi maka aikin da Bature ke kunna wa tanda. In ya bushe haske yakan ratsa shi, a soka masa kanumfari biyu-uku, a ɗaura sandar kirfa a gefe. Auduga mai ƙwanso, irin wadda ake cirewa a yankin Funtuwa a wannan lokaci, tana da kyau ƙwarai amma ta cikin ɗaki ce, don ita ma maganaɗisun ƙura ce.

Kayan gona suna da nasu maƙiyan. Kambun da ke da zangarniya abinci ne a idon tsuntsu da ɓera, in kuma an rataye shi ƙasa-ƙasa a gidan da ake kiwo, akuya za ta miƙe da ƙafa biyu ta gama da shi kafin a fito daga coci. A ɗaga shi sama, ko a fesa masa man ƙyalli na kafinta ya bushe a waje kafin a shigo da shi. Abu ɗaya kuma da zan ja kunne a kansa: idon zakara, 'ya'yan nan jajaye masu ɗigon baƙi. Suna jan ido, har mutum ya ga sun dace su maye jajayen 'ya'yan da ake gani a kambun Turawa. Guba ce mai kisa idan aka tauna, kuma yaro ba ya ganin ƙaramin abu ja a ƙasa ya ƙyale. A sayi jajayen duwatsun ado na roba a wurin masu kayan ɗinki a huta.

Gidan da ke da ƙananan yara, ko wanda yake so yaran su sa hannu a aikin, kambun ƙyalle ya fi dacewa da shi. Kowane tela yana da buhun guntayen atamfa da shadda da leshi a ƙarƙashin keke, kuma da yawa za su ce ka kwashe, musamman idan kai mai kawo ɗinki ne. Ana yanka su tsawon santimita 15, faɗin santimita 3, a ƙulla ɗaya bayan ɗaya a jikin zoben waya, a riƙa tura su suna matsuwa. Babu gam, babu allura. Zobe mai faɗin santimita 30 kewayensa ya kai kusan santimita 94, don haka yana cin ƙyalle fiye da yadda ake zato. A tanadi da yawa. Sirrin kyansa a taƙaita launi: biyu ko uku sun isa. In aka zuba duk abin da ke cikin buhun tela, tsumma zai fito. Wannan ne kuma ya fi sauƙin juyawa zuwa wani biki. Ja da kore na Kirsimeti ne, amma da ragowar ankon biki sai ya zama adon ƙofar amarya, da fari da ruwan gwal kuma ya shiga Sallah ko suna.

Zoben wayar ba sai an saya ba. Hangar rataye kaya ta ƙarfe idan aka buɗe ta aka zagaye, ga zobe ga ƙugiya a sama. Ta isa ɗaukar ƙyalle, amma ba ta iya nauyin zangarniya ko ɗanyen reshe. Wannan sai wayar da ta fi kauri, ko guntun tsohon tiyo da aka haɗa bakinsa da ɗan itace aka naɗe da ƙyalle. Kwali da aka yanka zobe aka liƙa biyu ya isa aikin yara na mako guda a cikin ɗaki. Farin soson nan mai ɓarɓashi da ake sayarwa a zagaye kuwa kuɗinsa ya fi amfaninsa, faɗuwa ɗaya ya rabe biyu.

Wajen haɗawa, mutane da yawa suna rugawa sayen bindigar gam. Tana da sauri, amma sai da wutar lantarki, kuma gam ɗinta yana saki idan ƙofar ƙarfe ta ɗauki zafin rana. Siririyar wayar ɗaurin rodi da magina ke amfani da ita, ko zaren buhu da babbar allura, sun fi ta riƙo kuma kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Idan ana son haske, a nemi ƙananan fitilun LED masu batir, ba sa zafi kuma ba ruwansu da ɗauke wuta. Kyandir kuwa kada ya kusanci kaba ko ɓawon masara. Masu yin kambun tebur na Lahadi huɗu kafin Kirsimeti su kafa kyandirorin a cikin ƙananan kofunan gilashi ko na ƙarfe, kuma kada a bar su suna ci babu kowa a ɗakin.

Sai girma. Ƙofar da faɗinta ya kai santimita 90 tana ɗaukar kambu mai faɗin santimita 50 zuwa 60 bayan an gama masa ado. A auna ƙofar kafin a fita kasuwa, domin a shago komai ƙarami yake gani. Ƙofar ƙarfe ba ta karɓar ƙusa, in kuma haya kake mai gida ba zai ji daɗin huda ba. A ɗaura dogon ƙyalle a kambun, a tsallakar da shi ta saman ƙofar a ɗaure ta ciki. A ɗaure gindinsa ma da siririn zare, in ba haka ba iskar dare za ta kwana tana buga shi da ƙofa.

Wanda ke zaune a bene ko ƙofarsa tana cikin baranda, kuma ba shi da lokacin zama ya haɗa, ya sayi na roba mai zoben ƙarfe. In zai iya haƙuri, ya saye shi a watan Janairu lokacin da 'yan kasuwa ke neman rabuwa da ragowar kaya, ya ajiye wa baɗi. Wanda ƙofarsa ke shan rana da ƙura ya ba da aikin zoben kaba tun Nuwamba, kafin ya fara shanya lemo. Bayan biki a zare duk abin da ƙwari za su ci a zubar, a kakkaɓe zoben, a sa shi a babbar leda a rataye a ƙusa, kada a ajiye shi a ƙasa inda gara da laimar damina za su same shi.