Nikon D3500 ko Sony A6000: wacce ta fi dacewa da aikin biki a Sakkwato?

Wani ƙanenmu ya ce ya tara ɗan kuɗi zai sayi kyamara ta hannu, ya fara ɗaukar ɗaurin aure, suna da walimar sauka. An nuna masa biyu, Nikon D3500 da Sony A6000, kuɗinsu kusan ɗaya, ya rasa wadda zai ɗauka. To ƙanena, ga abin da na sani a kansu.

Batun kyan hoto kada ya ɗauke maka hankali. Dukkansu megafiksel 24 ne, sensarsu, wato farantin ciki da ke karɓar haske ya mai da shi hoto, kusan girma ɗaya. In ka buga hotunansu ka jera, amarya ba za ta iya cewa ga na wannan ga na waccan ba. Bambancin yana can wajen yadda kowacce ke jure rana, ƙura da rashin wuta, da yadda take kama fuska a cikin cunkoso.

Fara da batir, don shi ke kunyata mai hoto a gaban jama'a. Nikon D3500, wadda ta fito a 2018, an ƙiyasta tana ɗaukar hoto 1,550 a caji guda. Sony A6000, ta 2014, kusan 360 ne. Dalilin kuwa, Nikon mai madubi ce: kana leƙawa ka ga abin da ke gabanka kai tsaye ta madubi, babu allon da ke shan wuta. Sony ba ta da madubi, wurin leƙawarta ma ƙaramin allo ne, muddin tana kunne tana cin batir. Da Nikon za ka yi ɗaurin aure da safe, walima da yamma, batir ɗaya. Da Sony sai ka riƙe uku a aljihu, musamman in na ciki tsoho ne. Sai dai tana da abin da ke rama mata: ana cajinta ta wayar USB, don haka ko an ɗauke wuta fawa banki ya wadatar. Batirin Nikon dole sai an cire an sa a cajarsa.

Sai ƙura, kuma a nan zan ɗan daɗe, domin wanda bai yi aiki a hunturun Sakkwato ba bai san abin da hazo ke yi wa kyamara ba. Idan ka cire gilashin Sony, wato lens ɗin da ake ɗaurawa a gabanta, sensa ce tsirara take kallonka, babu abin da ya tare ta. A Nikon akwai madubi da labulen shuta, mai buɗewa ya rufe idan ka danna, a gabanta. Ban ce ƙura ba ta shiga ba, tana shiga, amma ba da saurin da take shiga Sony ba. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, Sony tana iya girgiza sensarta ta kakkaɓe ƙura, D3500 kuwa ba a sa mata wannan ba, duk abin da ya manne sai ka hure shi da kanka. Ko wacce ka saya, nemi robar hura iska tun ranar farko. Kada ka hura da baki, kada ka goge da bakin riga, kada ka canza gilashi a fili tsakanin Nuwamba da Fabrairu. Shiga ɗaki ko mota, ka kifa fuskar kyamarar ƙasa, sannan ka canza. In kana son gane ko ƙura ta zauna, tsuke ƙofar hasken gilashin zuwa f/16 ka ɗauki farin bango, ɗigon baƙi zai fito fili.

Zafi kuwa, dukkansu an rubuta musu aiki tsakanin digiri 0 da 40, kuma kowa ya san Afrilu a garin nan yana haura haka. A ɗaukar hoto ba ka cika ganin matsala ba. A dogon bidiyo ne Sony ke yin zafi har ta kashe kanta. Kada ka bar kowacce a mota a rufe.

Inda Sony ta yi wa Nikon nisa shi ne kama abu mai motsi. Tana da ɗigon fokas, wato wuraren da take kama abu ya fito tar, guda 179 a warwatse kusan ko'ina a fuskar hoton, tana ɗaukar hoto 11 a daƙiƙa. Nikon ɗigo 11 ne a tattare wajen tsakiya, hoto 5 a daƙiƙa. Ranar hawan Sallah a ƙofar fadar Sarkin Musulmi, dawaki na tahowa a guje, wannan bambancin a bayyane yake. Haka kuma abin da ka gani a wurin leƙawar Sony shi ne hoton da zai fito. Ka san wahalarmu: farar shadda da farin rawani a tsakar rana, fuska kuma baƙa a ƙarƙashin inuwar rawanin. A Sony tun kafin ka danna za ka ga ko haske ya yi yawa har aikin rigar ya ɓace. A Nikon sai ka ɗauka ka duba allo, cikin ranar da ko allon ba ya ganuwa sosai. Ga mai koyo, wannan ba ƙaramin taimako ba ne.

Tura hoto zuwa waya: Sony tana da Wi-Fi, Nikon Bluetooth kawai, mai tura ƙananan hotuna a hankali. Ƙaramin abin karanta katin memori da ake maƙala wa waya ya kashe wannan gardamar. Bidiyo kuwa, babu mai 4K a cikinsu, babu mai ramin makirfo na yau da kullum.

Gilashi fa? Na Nikon na hannu sun fi yawa, sun fi araha. AF-S 35mm f/1.8G zai canza maka hoton cikin ɗaki gaba ɗaya, wurin kamu ko suna inda haske bai wadata ba. Amma ka kula, D3500 ba ta da injin fokas a jikinta, sai gilashi mai nasa injin, wanda aka rubuta wa AF-S ko AF-P. In aka sayar maka da tsohon AF-D don araha, da hannu za ka riƙa juyawa. Na Sony, irin 50mm f/1.8 OSS, suna da kyau amma sai ka ƙara kuɗi.

Ni dai da ni ne, tunda aikinka ɗaurin aure ne da suna, inda mutane ke tsaye ko zaune, Nikon zan ɗauka, canjin in sayi 35mm da filasha ɗaya da za a iya ɗaga kanta sama. Idan kuwa zuciyarka tana wajen dawaki, ƙwallo da yara masu guje-guje, ɗauki Sony, ka haɗa da batir biyu tun a shagon.

Kafin ka miƙa kuɗi, tafi da katinka ka ɗauki hotuna a wurin. Gwada farin bangon nan, haska gilashin da fitilar waya ka duba ƙura da fumfuna a ciki, sannan ka sa a duba maka adadin hoton da shutar ta riga ta ɗauka. Mai sayarwar da ya hana ka gwadawa, ka yi masa sallama ka wuce shago na gaba.